Ƙanena Ya Ci Bashin Karatu a Ɓoye, Ya Kuma Karɓi Kuɗina

Assalamu alaikum Malam. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto maka ne raina a ɓace, domin tun ranar Juma'ar da ta wuce barci ya ƙaurace wa idona.

Ni malamin firamare ne, kuma tun rasuwar mahaifinmu nauyin karatun autanmu yake wuyana. Yanzu yana aji uku a jami'a. Bara da lokacin rajista ya zo ba ni da ko sisi, sai na sayar da babur ɗina, wanda da shi nake zuwa aiki, da shi kuma nake ɗan yin acaɓa da yamma kafin tsadar man fetur ta 2023 ta karya sana'ar. Na tura masa kuɗin gaba ɗaya, ya yi godiya har da addu'a. Tun daga lokacin a ƙafa nake zuwa makaranta.

Ranar Juma'ar ya sa wayarsa caji a ɗakina, sai saƙon banki ya shigo, naira 20,000 daga NELFUND, wato asusun gwamnatin tarayya na ba ɗalibai bashin karatu. Ba bincike nake yi ba, idona ne kawai ya kai. Da na matsa masa, sai ya amsa cewa tun da aka buɗe neman bashin ɗalibai a watan Mayu na 2024 ya cika takardun ta intanet da lambar NIN da BVN ɗinsa, kuma asusun ne yake biyan kuɗin rajistarsa kai tsaye ga makaranta, ban da wannan 20,000 ta kowane wata. Ashe kuɗin babur ɗina iPhone ya saya da su, sauran kuma suka tafi a takalma da data da shawarma da bikin ranar haihuwar wata yarinya. Na ga wayar tuntuni, amma ya ce mini abokinsa ne ya ba shi aro.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda ya dube ni ba kunya ya ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, wai babu ruwa a kansa, wai sai shekara biyu bayan ya gama hidimar ƙasa za a fara cire kashi 10 cikin 100 na albashinsa. Wane albashin? Ga masu digiri nan birjik a unguwarmu suna zaman jira. Na san bai dace in mare shi a gaban matata ba, kuma na ƙwace wayar, amma duk wanda ya yi tafiyar da nake yi a rana zai fahimce ni. Dama can Inna ce ta sangarta shi, tun yana yaro ba a hana shi komai. Ni kuwa da sayar da rake na yi NCE, ban ci bashin kowa ba.

Ya bar gidan a daren, har yau babu wanda ya ji ɗuriyarsa. Inna tana fama da hawan jini, ta ɗauka makaranta ya koma, kuma da safiyar nan ma ta ce in tura masa ɗan abin kashewa.

Da farko niyyata in tambaye ka ko in sayar da wayar in rage asarata. Amma kuma ina tunanin bashin nan da yake ƙaruwa kowane wata, idan ta Allah ta kasance a kansa, wa zai sauke masa? Mahaifinmu ya bar mini amanarsa. Malam, in faɗa wa Inna gaskiya, ko in fara nemo shi tukuna? Idan kuma na same shi, ni ne zan fara ba da haƙuri?

Naka,
Wani malamin makaranta daga Zariya