Wasiƙa daga Oakland

Mutumina,

Assalamu alaikum. Ya iyali, ya jikin Inna? Na san ka ƙulle ni a ciki, wata huɗu ban ce maka uffan ba. Yi haƙuri, yau labari ne ya hana ni zama.

Rickey Henderson, tsohon ɗan wasan besbol, ya mutu ranar 20 ga Disamba 2024, saura kwana 5 ya cika shekara 66. Kar ka ce wane ne. Shi ne wanda ka hango hotonsa a falona muna waya, ka yi ta mini tsiya wai na bar Kano Pillars na koma bin ɓarayi.

Tunda kanka ya ƙi ɗaukar besbol, tuna langa, yadda ruwa ke neman kafar da zai sulale ya sha. A nan tasha huɗu ce, ƙafa 90 tsakanin kowacce. Mai jifa na shirin sakin ƙwallo, sai mai gudu ya kwasa zuwa tasha ta gaba kafin a tare shi. Satar ke nan. Rickey ya yi ta sau 1,406, mai bi masa, Lou Brock, 938 gare shi. A 1982 kaɗai ya saci 130. Sau 335 ana kama shi, bai daddara ba! Ka gan shi a tsohon bidiyo ya duƙa, yatsunsa na rawa, ido kan mai jifa, sai fit, ya zube da ƙirji ƙura ta turnuƙe. Ranar da ya wuce Brock, 1 ga Mayu 1991, tumɓuke tashar ya yi ya ɗaga ta sama.

Af, wai da gaske autanku aure zai yi bayan Sallah? Yaron da muke aike sayen ƙosai? Kuma a bakin wasu zan ji?

Tsohon maƙwabcina, wanda ya fara kai ni kallo, kuka ya yi jiya. A garin nan Rickey ya tashi, filin wasan ma sunansa aka sa masa a 2017. Ga shi ƙungiyarsa, Athletics, ta yi wasanta na ƙarshe a nan a Satumba 2024 kafin ta koma Sacramento, bayan wata uku shi ma ya tafi. Na so ƙwarai in kai ka filin nan, ko sau ɗaya ne.

Gaishe da amarya. Kilishin nan har yau ina jira.

Naka har kullum.