Abba, kafin ka biya kuɗin kibod ɗin nan ka leƙa bayansa

Assalamu alaikum Abba, ya Abuja ya zafi, mu dai nan Jos sanyi ya fara shigowa, Ummanka har ta fito da barguna. Na ga hoton da ka turo min jiya da daddare na kibod ɗin kiɗa da kake so ka saya wa situdiyon naka, na so in kira ka amma na san halinka a waya, "to Baba, to Baba" kawai za ka yi ta cewa ka je ka yi abin da ka ga dama, shi ya sa na ce gara in zauna in rubuta maka ka karanta a nitse.

Abin yana da kyau a ido ba ƙarya, fitilu ja da kore ko'ina kamar motar amarya. Amma hoton gaba ka turo min, ni kuma bayansa nake so in gani, don a nan maganar take.

Bari dai in fara da abin da na san ka sani amma sai na faɗa. Wannan abin ba fiyano ba ne irin tsohon Yamaha PSR ɗina da kuke dannawa kuna yara yana ƙara da kansa, shi kwantirola ba shi da murya ko ɗaya, ɗan aike ne kawai, ka danna ya gaya wa kwamfuta wane maɓalli ka taɓa, da wane ƙarfi, yaushe ka saki, ita kuma ta fito da sautin daga manhajar haɗa kiɗa irin FL Studio ko Cubase ko duk abin da kake aiki da shi. Yaren da suke magana da shi MIDI sunansa, tun 1983 yake, ya girme ka nesa ba kusa ba, kuma kusan komai a cikinsa lissafi ne daga 0 zuwa 127. Ka riƙe wannan lambar, za ta yi maka amfani a shago. To tunda ba shi da murya, kuɗinka gaba ɗaya a kan yadda yake ji a yatsa da ramukan da ke bayansa za su tafi, in wani ya ce maka wannan ya fi wancan daɗin sauti ka san bai san abin da yake sayarwa ba.

Maganar yawan maɓalli ba zan ja ta ba. Mai 25 na sakawa a jaka ne, hannu ɗaya, ka buga bes ka buga ganga shikenan. Mai 49 ba laifi. Mai 88 da ka nuna min shi ne cikakken fiyano, in mai nauyin maɓalli ne irin na guduma to ga tsawo ya fi mita ɗaya da kwata ga nauyi, kuma ɗakin da ka kama a Kubwa na gan shi da idona, in ka sa shi ina mawaƙi zai tsaya? Kai kuma ba makaɗin fiyanon turawa ba ne, waƙoƙin biki da na siyasa da jingil ɗin rediyo za su ciyar da kai, yatsa na gudu a kan sarewa da algaita, maɓalli mai nauyi gajiyar da kai kawai zai yi. Ka nemi mai 61 mai matsakaicin nauyi, hannu biyu sun samu wurin sakewa, tebur ma ya ɗauka.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne. Feda iri biyu ce kuma yara da yawa har masu shago suna haɗa su. Akwai ta riƙe sauti wadda suke ce wa sosten, ita kamar makunnin fitila take, ko a kunne ko a kashe, ka taka sauti ya tsaya ka ɗaga ya mutu, lambarta a MIDI 64. Sai ɗayar, ta esfireshan, wadda take lilo gaba da baya kamar fedar keken ɗinkin Ummanka, ita totur ce, ka danna yatsun ƙafa sauti ya kumbura ka koma da diddige ya lafa, kuma duk inda ka bar ta nan za ta tsaya, lambarta 11. Kar ka haɗa ta da lamba 7, wannan ta ƙarar layin gaba ɗaya ce, ita 11 a cikin abin da 7 ta ba ta take wasa.

Me ya sa na damu da ita haka? Ka tuna mai algaitar da ya yi busa a bikin yayarka, yadda kumatunsa suke cika sautin ya taso ya faɗa ya sake tasowa bai yanke ba? Ko mai goge, yadda yake danna izga a tsakiyar jan? Ganga da kalangu da fiyano bugu ɗaya ne, ƙarfin da ka buga shi ne magana ta ƙare, amma duk abin busa da abin goge rayuwarsa a tsakiyar sautin take, bayan ka riga ka danna. In ba ka da abin da za ka hura masa rai sai ya fito a miƙe kamar hon ɗin mota, shi ya sa waƙoƙi da yawa da nake ji yanzu sarewarsu ba ta numfashi, wlh har haushi nake ji in kashe rediyon. Za ka ce ai akwai ɗan wilin nan na gefen hagu, eh akwai, amma hannun hagun naka yana kan kod, wato maɓallan da kake dannewa tare, wa zai murza maka? Za ka ce sai in zana da maus daga baya, eh ana yi, ka kwana kana zane mai waƙa yana zaune yana duba agogo. Ƙafarka kuwa tana ƙasa ba aikin komai take ba.

To ba kowane kibod ne yake da ramin wannan fedar ba, nan ne ake faɗawa. Akai MPK Mini da yaran nan suke yayi ramin sosten kaɗai gare shi. Arturia KeyLab MkII yana da ramin esfireshan nasa daban har da ƙari. Ban ce lallai shi za ka saya ba, aljihunka ne zai faɗa, cewa na yi ka juya kowanne ka karanta abin da aka rubuta a saman ramukan da idonka, kar ka yarda da "ai duk ɗaya ne oga".

Kuma ko ramin yana nan, ba kowace feda ce take shiga da kowane kibod ba duk da bakin wayar iri ɗaya ne, mai zobe biyu baƙaƙe. Yadda aka ɗaura wayoyin ciki ne ya bambanta, Yamaha FC7 da Roland EV-5 a juye suke da juna. Ni wannan da kuɗina na koye shi. Kana goye lokacin, na je Legas sayen kaya na shiga wani shago, yaron shagon ya rantse min cewa fedar tana aiki da komai, ban gwada ba don ina sauri kar motar dare ta tafi ta bar ni, na iso Jos na jona, in na taka shiru shiru shiru sai can ƙarshe sautin ya yi tsalle gaba ɗaya kamar an mari yaro. Sati biyu ina zargin kibod ɗin, sai wani mai gyaran rediyo a wajen Dilimi ya buɗe bakin wayar ya sauya wayoyi biyu da dalma, minti goma, abin ya miƙe. Yanzu an huta, akwai masu ɗan makunni a jiki na juya wannan ɗaurin, irin M-Audio EX-P da Moog EP-3, in ka samu irinsu ka fi kwanciyar hankali ko ka canza kibod nan gaba.

Saboda haka ranar da za ka je, ko Banex ne ko ina, ka ɗauki laftof ɗinka da caji a cike da wayar USB, ka sayi kibod da feda rana ɗaya a wuri ɗaya, a jona a gabanka. Ka taka a hankali kana kallon lambar, ta tashi daga 0 ta hau sannu sannu har 127 ta dawo, ba tsalle ba maƙalewa a 90. In lambar tana tafiya amma sautin bai motsa ba to ba laifin feda ba ne, wasu kayan sautin da lamba 1, ta wilin nan na gefen hagu, suke ji ba 11 ba, sai ka haɗa su a cikin manhajar, aikin minti ɗaya ne. In na hannu ne za ka saya, ba aibu, ni yawancin kayana gwanjo ne, amma ka bi maɓallan ɗaya bayan ɗaya, kowanne ka taɓa shi a hankali sannan da ƙarfi, wanda ya yi ihu alhali lallaɓa shi ka yi ƙura ta shiga robar ƙarƙashinsa, ka sa a rage kuɗi ko ka bar musu kayansu. Mai shagon zai ɓata rai, ya ɓata, ba shi ya tara maka kuɗin ba.

Ƙurar nan ma ka kiyaye ta a naka ɗakin, hunturu na zuwa, ka samu ko tsohon zani ne ka riƙa rufewa in ka tashi, fedar ma ka ɗaga ta daga ƙasa ranar shara. Kuma ka sa mata ɗan kafet a ƙasa, a kan tayil guduwa take yi kana bin ta da ƙafa.

Tsohuwar fedar tawa tana nan cikin kwabet na goge ta, zan ba direba ranar Asabar tare da dankalin da Ummanka ta sayo maka a Farin Gada, ka je da ita shagon ka gwada, in ta yi ka huta da sayen wata, in ba ta yi ba ka dawo min da abata in ka zo sallah. Ka turo min hoton bayan kibod ɗin kafin ka tura musu ko sisi. Ummanka tana gaishe ka, ta ce wai ka rage kwana a situdiyo. Allah ya yi maka albarka ya sa a fara a sa'a.

Babanka