Godiya ga ma'aikatan NELFUND daga wani direban keke a Tudun Wadan Zariya

Assalamu alaikum. Ni ba ma'abocin dogon rubutu ba ne, keke napep nake ja tsakanin Tudun Wada, PZ da Kwangila, amma wannan karon na ce sai na rubuta ko da hannu zai gaji, saboda idan abu ya lalace mu ne na farko wajen zagin gwamnati a majalisa, to yau da aka yi mana daidai bai kamata mu yi gum ba.

Godiyata ga hukumar ba ɗalibai rancen karatu ce, wato NELFUND, da kuma ma'aikatan da ke kula da wannan harka a Jami'ar Ahmadu Bello (ABU).

Ƙanwata tana karatu a ABU, harabar Kongo da ke nan Zariya. Tun da Baba ya rasu nauyinta ya dawo kaina, ga Inna ga iyalina, kuma kowa ya san yadda abubuwa suka koma bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin da nake samu a wuni rabinsa a gidan mai yake ƙarewa kafin in kai balas. Duk lokacin da aka ce rajista ta zo wallahi bacci ƙaurace min yake. Akwai shekarar da sai da Inna ta sayar da tunkiyarta da take kiwo don layya, har yau abin na min ciwo. Yarinyar ma da kanta ta ce min Yaya ko in dakata ne na shekara ɗaya, na ce mata kar in sake jin wannan maganar, amma a zuciyata ban san inda zan samo kuɗin ba.

Da aka fara maganar rancen ban ɗauke ta da muhimmanci ba gaskiya. Dokar farko ta 2023 ai ba don irinmu aka yi ta ba, an ce sai ka kawo mutum biyu da za su tsaya maka, irin su babban ma'aikacin gwamnati ko lauyan da ya shekara 10 yana aiki, ni ina na san lauya? Sai a watan Afrilun 2024 shugaban ƙasa Tinubu ya sa hannu a sabuwar doka aka cire wannan sharaɗin, aka buɗe shafin cikewa ranar 24 ga Mayu. Duk da haka Inna ta ƙi, ta ce ita ba za a kawo mata riba gida ba. Mu Zazzagawa kun san mu da tambaya, sai da na je wajen malaminmu na zaure bayan magariba na karanta masa sharuɗɗan, ya ce in dai abin da ka karɓa shi za ka mayar ba ƙarin ko kwabo, to bashi ne kamar kowane bashi, sai dai a riƙe niyyar biya. Sannan Inna ta yarda.

Wajen cikewa ne muka sha ɗan zufa. Ana buƙatar lambar JAMB da NIN da BVN da lambar ɗalibta, sai ga shi wani yaron kafe tun shekarun baya ya juya mata suna, ya sa sunan Baba a gaba nata a baya, abin ya ƙi wucewa. Na ajiye keke na bi ta har babbar harabar jami'ar da ke Samaru, ina tafe ina lissafin nawa zan ba da na goro. Wata baiwar Allah muka samu a ofishin, ba ta san mu ba, ba wanda ya kira mata waya a kanmu. Ta duba takardun ta ce ƙanena kwantar da hankalinka, ta rubuta mana abin da za a gyara da inda za mu je a wata 'yar takarda, ta ce idan an gama yarinyar ta dawo ita kaɗai ba sai na bar sana'ata ba. Da za mu fita na ɗan laluba aljihu, ta ɗaure fuska ta ce Malam mayar da kuɗinka ka sha mai. Kunya ta kama ni wallahi. Hajiya, ban san sunanki ba kuma ko na sani ba zan sa a nan ba, Allah ya saka miki da alheri, ya shirya miki zuri'a.

Kuɗin makarantar kai tsaye aka tura wa jami'a, bai biyo ta hannunmu ba, kuma ni hakan ya fi min, don da ya shigo gida wata lalurar za ta cinye shi. Sannan akwai naira 20,000 na wata da ke shiga asusunta. Ba zan ce yana isa ba, kowa ya san tsadar kwanon shinkafa a kasuwar Tudun Wada, amma kuɗin mota da fotokwafi da data sun sauka daga wuyana. Ranar da alat na farko ya shigo ta kira ni ina kan layi a Kwangila tana dariya har fasinja na tambaya ko haihuwa aka yi.

Na san bashi ne, na kuma faɗa mata. Sai ta gama bautar ƙasa da shekara biyu za a fara cirar kashi 10 cikin 100 na albashinta, kuma na ce mata ko ɗinki ta koma yi sai ta biya, domin na bayanta su samu.

Roƙona ɗaya, ku ƙara yin bayani da Hausa a rediyo. A layinmu kaɗai akwai yara biyu, ɗaya a kwalejin kimiyya da fasaha ta Nuhu Bamalli ɗaya a kwalejin ilimi, iyayensu har yanzu gani suke akwai riba a ciki ko kuma sai kana da hanya. Ni da ƙanwata muke bi gida gida muna nuna musu a waya, ranar Asabar ma akwai wanda za mu raka kafe.

Allah ya ƙara muku ƙarfin gwiwa.

Naku,
Yayan wata ɗaliba, Tudun Wada, Zariya