'Yan Gudun Hijirar da Ba Sa Cikin Rajista

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida mai albarka domin in yi magana a kan agajin da gwamnati take bai wa waɗanda rikici ya raba da gidajensu, musamman mutanen da wannan agaji yake tsallakewa a nan Katsina.

Lokacin da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilun 2023 tsakanin sojojin Janar Abdel Fattah al-Burhan da dakarun kai ɗaukin gaggawa na RSF ƙarƙashin Mohamed Hamdan Dagalo, gwamnatin Nijeriya ta nuna cewa ta iya aikin agaji idan ta sa kanta. An yi hayar manyan motoci suka kwashe ɗalibanmu daga Khartoum zuwa iyakar Masar da kuma Port Sudan, daga bisani jirage suka sauke su a Abuja. Sun sha wuya a hanya, amma sun dawo, kuma abin da ya sauƙaƙa aikin shi ne akasarinsu suna da fasfo da suna a takarda.

Wannan suna a takarda shi ne abin da mutanenmu na ƙauyukan Batsari da Jibiya da Safana da Ƙanƙara suka rasa. Akasarinsu ba sansani suke zaune ba. Gidajen 'yan uwa suke sauka, ko kangayen da masu su ba su gama ginawa ba, ko kuma azuzuwan makaranta lokacin hutu. Maƙwabcina tela ne, kuma tun daren da 'yan bindiga suka shiga ƙauyensu yayarsa take gidansa da 'ya'yanta 6. Ta iso da ƙullin kaya ɗaya da tukunya, ba ko takalmi a ƙafar ƙaramin yaron. Ya fitar da keken ɗinkinsa daga zaure zuwa bakin titi domin samarin su samu wurin kwana, kuma kwanon masarar da yake kai gidan kwana biyu a da, yanzu a dare ɗaya yake ƙarewa. Da aka ji labarin za a raba shinkafa da man girki a wata makarantar firamare, baiwar Allah nan ta fita tun bayan sallar asuba, ta wuni a layi cikin rana, ta dawo bayan la'asar hannu rabbana, domin an ce mata babu sunanta a cikin jerin. Ta tambayi inda ake rubuta sunan, babu wanda ya nuna mata.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, da a ce ta tsallaka iyaka zuwa jihar Maraɗi, kamar yadda dubban mutanen Katsina da Zamfara da Sakkwato suka yi tun daga 2019, da Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi mata rajista, ta ba ta kati, wataƙila ma ta samu matsuguni a Garin Kaka ko Chadakori, inda aka mayar da wasunsu nesa da iyaka. Da yake a ƙasarta ta tsaya, sai nauyinta ya koma kan tela shi kaɗai.

Ba hukumomi muka rasa ba. An kafa Hukumar Ba da Agajin Gaggawa ta Ƙasa, wato NEMA, tun 1999, jiha tana da tata hukumar agajin gaggawa, kuma a 2019 aka buɗe Ma'aikatar Jinƙai ta tarayya. Yarjejeniyar Kampala ta 2009 ta Tarayyar Afirka kan kare waɗanda aka raba da muhallinsu, wadda Nijeriya ta amince da ita a 2012, ta wajabta wa gwamnati ta riƙa ajiye rajistar duk wanda ya rasa muhalli a cikin ƙasa, ta kuma yi maganar tallafa wa al'ummar da suka karɓe su. Jiran ƙungiyoyin waje kuwa ba zai fisshe mu ba, domin da ma hankalinsu ya fi karkata ga Borno da Yobe da Adamawa, kuma tun da gwamnatin Shugaba Trump ta dakatar da mafi yawan tallafin Amurka ta rushe hukumar agajin Amurka, wato USAID, a 2025, can ɗin ma rabon abinci ya ja baya.

Saboda haka ina kira ga gwamnatin jiha da ta tarayya su fara da rajista kafin su sayi buhu ko ɗaya. Babu mai unguwar da bai san gidan da baƙi suka sauka a unguwarsa ba, haka nan limamai da dagatai. A sa su rubuta sunayen tare da ma'aikatan agaji, a karanta jerin a bainar jama'a a ƙofar gidan mai unguwa domin kada a cusa 'yan siyasa da dangi, sannan a ware wani kaso ga magidancin da ya buɗe ƙofarsa. Waɗanda suke son noma kuma, kamar manyan 'ya'yan wannan baiwar Allah, a nema musu aron gona kusa da gari, a ba su iri da taki kafin ruwan farko ya sauka.

Wassalam.

Naka,
Wani malamin makaranta mai ritaya,
Ƙofar Ƙaura, Katsina.