Bayan an ɗaga hannu, wa ke riƙe sabon tuba?

Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina roƙon ɗan fili a jaridarka in yi magana da dattawan ikkilisiyoyinmu na Jos. 'Yan'uwa Musulmi masu karanta wannan shafi su yi mini uzuri, zancen na cikin gida ne, ko da yake na san su ma suna fama da nasu samarin.

Da zarar damina ta ɗauke, sanyi ya fara sauka, sai garin nan ya cika da tarurrukan falkaswa. A kafa rumfuna, a ɗaura lasifika, mai wa'azi ya yi kira, samari da 'yan mata su fito gaba suna hawaye. Ran Lahadi a sanar da yawan waɗanda suka karɓi Yesu, jama'a su yi tafi. Ban raina wannan ba, don ni ma ta nan na shigo. Amma tun da nake, ban taɓa jin an tashi a majami'a an faɗi nawa ne daga cikinsu suke nan bayan shekara guda ba, ko wane dattijo ne ya san inda suke kwana.

Ni Bamaguje ne daga wani ƙauye a kudancin ƙasar Kano. A gidanmu iskoki ake yi wa yanka kafin shuka, a zuba jini a gindin itace, a sha giya. Na zo Jos a 1978 ina ɗan shekara 22 domin koyon kafinta. Wata yamma 'yan ƙungiyar wa'azin nan ta Sabon Rai Don Kowa suka tsaya da waƙoƙinsu kusa da gidan burkutun da muke zama, suka yi wa'azi da Hausa, maganar ta shige ni, na ɗaga hannu. Washegari na tashi da bashin da ake bi na, da abokaina na jiya, da ƙishin giya kamar kullum. Da a nan aka bar ni, kafin Kirsimeti na koma inda na fito.

Wanda ya riƙe ni wani tsoho ne mai gadin shagon katako, mutumin ƙasar Pankshin. Ba fasto ba ne, ko makarantar Littafi Mai Tsarki bai taɓa shiga ba. Hausarsa ma a karye take, ni kuwa da ita aka haife ni, amma shi ya iya karatu, ni ko alif ban sani ba. Yana da tsohon Littafi Mai Tsarki, fassarar nan ta 1932 da Dokta Miller na Wusasa da abokan aikinsa suka yi. Bangon ya yage, ya ɗaure shi da robar tayar keke. In an tashi daga aiki sai ya kunna fitilar ƙwai, ya shimfiɗa buhu, ya ɗora yatsana a kan Bisharar Markus, muna bi baƙi bayan baƙi. In na yi fashi, da sassafe zan gan shi a ƙofar ɗakina da bargonsa a kafaɗa. Ba ya faɗa. Sai ya ce, "Ɗana, jiya na ajiye maka tuwo, ya huce." Kunyar wannan tsoho ta raba ni da giya tun kafin in fahimci abin da Littafi ya faɗa a kanta.

Na fi shekara a ajin baftisma. Kafin a kai ni ruwa, dattawa biyu suka je wurin maigidana suka tambaye shi ko ina taɓa masa kusa da fenti, ko ina cika alkawarin aiki. A lokacin na ji haushi. Yanzu na gane sun san abin da suke yi, domin bangaskiyar kafinta a katako ake ganinta. Kowa a sana'armu ya san dabarar: ka yi kujera da ɗanyen katako, ka cike tsaga da garin zarto da gam, ka shafe da fenti ka ce maɗaci ne, bayan wata shida ta tsage a ɗakin amarya. Da na buɗe nawa shagon na ƙi yin haka, kuma na sha rasa ciniki saboda kayana sun fi tsada. Ban yi arziki ba. Ina faɗar wannan da gangan, saboda masu wa'azin da yaranmu ke saurare a waya suna yi musu alkawarin mota da biza cikin wata uku. Yaron da ya shigo don mota, ranar da motar ba ta zo ba zai kama gabansa, kuma zai tafi da ɗaci.

Abu mafi wuya shi ne gida. Da na koma ƙauye lokacin yanka, mahaifina ya ce in riƙe masa ƙafafun bunsuru kamar yadda na saba, na ce ba zan iya ba. Ya daina amsa gaisuwata shekaru. Da zafin kan kuruciya na so in yanke zuwa gaba ɗaya, tsohon nan ya hana. Ya ce umarnin girmama uba da uwa bai ware uban da ke tsafi ba. Duk kaka sai ya sa na aika da gishiri da kananzir da turmin atamfa na mahaifiyata, ko an karɓa da godiya ko ba a karɓa ba. Da ciwo ya kwantar da mahaifina, ni na ɗauko shi zuwa asibitin Jankwano, a ɗakina ya yi jinya. Ya rasu a kan hanyar kakanninsa, ba zan ƙara wa labarin gishiri ba, amma ya rasu yana kira na da sunan da ya raɗa mini.

Sai ranar Juma'a, 7 ga Satumba 2001, da rikici ya ɓarke tsakanin Kirista da Musulmi. Duk wanda yake Jos a lokacin ya san abin da ya faru, ba sai na tona ba. Mu Hausawa Kirista mun ga abin da ya ishe mu: a ɓangaren Musulmi a ce mana arna, a ɓangaren Kirista a ji harshenmu a ce mu na can ne. Samari sun tare ni a hanya da sanduna da adduna, suka ce in karanta Addu'ar Ubangiji. Na karanta, suka buɗe mini hanya. A lokacin nan akwai yaron shagona, Musulmi, kwance a ƙarƙashin gado a gidana, matata tana miƙa masa abinci, har ƙura ta lafa muka mayar da shi ga iyayensa. Ba jaruntaka ba ce, jikina rawa yake yi. Abin da aka dasa mini a kan buhun nan ne ya hana ni yin wani abu dabam. Abin da ya fi tsaya mini a rai har yau shi ne, cikin masu sandunan akwai fuskokin da na sani, yaran da na gani da idona sun fito gaba a taron falkaswa. An koya musu haddar addu'ar, ba a zauna da su a kan layin da ke maganar gafarta wa waɗanda suka yi mana laifi ba. Aka sake rikici a 2008, aka sake a 2010.

Ba ilimi muka rasa a garin nan ba. Hedkwatar ikkilisiyar ECWA tana Jos, ta ikkilisiyar COCIN tana Jos, haka ta tarayyar ikkilisiyoyi ta TEKAN. Ga kwalejin tauhidi ta TCNN a Bukuru tun 1959, ga JETS, makarantar tauhidi ta ECWA, tun 1980. Ɗalibai kuma suna da FCS, ƙungiyar ɗalibai Kirista, wadda ta faro a Gindiri a 1957, tana bin su daga sakandare. To, yaron da bai je makaranta ba fa? Mai tuƙa Keke Napep, da ɗan dako a kasuwar Farin Gada, da mai haƙar kuza, da yarinyar da aka kawo aikatau daga ƙauye, su ne suka fi fitowa gaba in an yi kira, su ne kuma ba a komawa ta kansu. A wasu majami'u an tura sujadar Hausa can da asuba ko ƙaramin ɗaki, kamar abin kunya, alhali da Hausa bishara ta ratsa Filato da kudancin Kaduna da Bauchi. Yaro ya zauna awa biyu ana Turanci, abin da ya tsinta "Amin" kawai.

A nan dole in yaba wa Zumuntar Mata. Su kam in yarinya ta tuba, kafin mako ya zagayo sun san ɗakinta, sun san ko ta ci abinci, sun ɗinka mata zanen zumunta. Mu maza mun iya zaman kwamiti da gardamar kuɗin gini.

Roƙona ga dattawa shi ne, kafin a kafa rumfar falkaswa ta bana, a fara rubuta sunayen manyan da suka yarda kowannensu zai ɗauki saurayi ɗaya ya bi shi har baftisma da bayanta, ya san maigidansa, ya san iyayensa. A dawo da ajin koyon karatu da Hausa da yamma. Daga baikon da ake tarawa a rage na hayar lasifika, a sayi Littafi Mai Tsarki na Hausa a ba duk wanda ya fito gaba, don kuɗinsa yanzu ya fi ƙarfin ɗan dako. Kai kuma, Malam Edita, in hali ya yi, ka turo wakilinka wata uku bayan an naɗe rumfunan, ya zagaya ajin baftisma na majami'u ya ƙirga mana waɗanda ke zaune.

Na gode da wannan fili.

Naka,
Wani tsohon kafinta,
Tudun Wada, Jos