Kafin ka sayi sandar fatsa da ril ɗin nan

Assalamu alaikum ɗana, da fatan kana lafiya kai da iyalin naka. Na ga hotunan da ka turo na sanda da ril ɗin, wato abin naɗe zaren fatsa, da kake so ka saya, toh ka dakata tukuna kar ka biya.

Wancan babban ril ɗin mai lamba 6000 ba naka bane, na masu shiga teku ne ko masu farautar manyan kifaye, kai kuma kogi da tafki zaka riƙa zuwa. Ka nemi 2500 ko 3000, ya ishe ka, ka yini kana jifa hannunka bai gaji ba. Sanda kuma mai tsawon ƙafa 6 da rabi zuwa 7, matsakaiciyar ƙarfi. Ta girafait ta fi rashin nauyi, kuma ko kifi ya ɗan taɓa ƙugiya zaka ji a hannunka, sai dai bata son bugu, ta faiba ta fi nauyi amma tana jure wulaƙanci, ni da na san halinka na jefar da kaya ko'ina da ita zan ce ka fara. Ka ɗaura ril ɗin a jikin sandar tun a wurin, ka ɗora ta a kan yatsa daidai gaban ril, in kanta ya rinjaya ƙasa sosai to basu dace da juna ba.

Naga kana ta murnar wai boris 12 ne a cikin ril ɗin, wato 'yan ƙarafan da ke sa shi juyawa sumul. Boris 5 masu kyau a ril ɗin kamfanin Shimano ko Daiwa sun fi 12 na banza. Abin dubawa shine birkin zare, wannan murfin da ake murɗawa a saman kwarkwaron, ka ɗan ɗaure shi ka ja zaren da hannu, ya kamata ya fito sumul, in yana fizga yana tsayawa ka ajiye musu kayansu, don ranar da babbar tarwaɗa ta figi zaren a wannan tsayawar ne zai tsinke. Kuma in kaji birkin yana kuka kifi na gudu da zare, kar ka juya hannun ril, baka jawo komai ba, murɗe zaren kawai kake yi, anjima ya cukurkuɗe maka ka rasa inda bakinsa yake. Ni na sha yin wannan wautar shekaru kafin na gane ba laifin zare bane. Lambar 5.2:1 da ke jikin kwali ma'anarta juyi ɗaya na hannu, naɗi biyar da ɗan wani abu, tayi daidai.

Wajen naɗa zare kar ka cika shi har baki, ka bar kamar milimita 3. In saƙaƙƙen zare ka saya ka fara shimfiɗa na roba a ƙasa, in ba haka ba zai riƙa sulɓewa. Wayar nan mai lanƙwasa da ke gaban ril kuma, wadda ake buɗewa kafin a jefa, ka rufe ta da hannu bayan jifa.

Duk ranar da ka dawo ka goge ril da tsumma mai ɗan danshi, kar ka tsoma shi a ruwa ko ka ajiye shi a yashi, sannan ka sassauta birkin gaba ɗaya kafin ka adana. Ɗigon mai ɗaya a 'yar tayar da zare ke bi da kuma mariƙin hannu, giris na giyar ciki ne kawai, shi ma sau ɗaya a shekara. Ka riƙa zura auduga a zobban sandar, in ta maƙale to zoben ya tsage, zai cinye maka zare. Kar ka saƙala ƙugiya a cikin zobe, kar ka bar sanda a mota cikin rana, kuma dan Allah kar ka ɗaga kifi sama da sanda a miƙe, a nan kanta ke karyewa.

Ka turo min hoton na 2500 ɗin in gani kafin ka biya. Mamanka na gaishe ka.

Babanka