Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Ƙaramar Hukumar Nassarawa, Kano: Ina Ne Iyakar Kare?

Mai girma Shugaba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali da kansilolinka, Allah ya taya ka riƙo. Na san teburinka a cike yake da maganar shara da magudanan ruwa da azuzuwan firamare da iska ta yaye wa rufi. Wanda ya kawo maka zancen kare a irin wannan lokaci, cewa za a yi ya rasa aikin yi. Ka daure ka karanta, ranka ya daɗe, in ya so ka yanke mini hukunci daga baya.

Wata Asabar da yamma babban ɗana ya matsa sai ya kai ni ɗaya daga cikin sababbin gidajen shan kofin nan da suka cika GRA, inda kuɗin kofi ɗaya zai sha maka shayi da burodi da ƙwai na kwana uku a teburin mai shayi. Muna zaune sai ga wata matashiya ta shigo rungume da wani abu fari tas mai gashi kamar auduga. Wallahi da farko 'yar tsana na ɗauka. Sai da ya yi hamma na gane kare ne. Ta ɗora shi a cinya, aka kawo mata kek, ta gutsura ta sa masa a ɗan farantin da aka ɗoro kofinta a kai, ya lashe tas. Wani dattijo da ke kusa da mu ya ajiye cokalinsa ya kira yaron da ke hidima, ya ce, "Yanzu farantin nan ɗauraye shi za ku yi ku kawo wa wani?" Ita kuma ta ce karenta ya fi mutane da yawa wanka, yana da likitansa, yana da katin allurarsa. Murya ta fara tashi. Ni dai yaron nake kallo. Ya dubi wannan, ya dubi waccan, ya rasa ta cewa, domin babu takarda a bango, babu ƙa'idar da zai kafa hujja da ita. Daga ƙarshe dattijon ya biya kuɗinsa ya fita bai gama cin abin da ya saya ba.

Kai na rubuto wa ba Gwamna ba, saboda aikin naka ne. Jadawali na Huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya jera ayyukan ƙananan hukumomi, kuma a ciki, kusa da juna, akwai kula da yadda ake ajiye dabbobin gida da yawo da su, da kula da kantuna da shaguna, da gidajen abinci da gidajen burodi da duk inda ake sayar wa jama'a abinci. A sama kaɗan ga kasuwanni da mahauta da tashoshin mota. Kamar wanda ya rubuta ya hango faɗan da na gani. Ga shi kuma tun Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. An daɗe ana ce mana gyara na nan tafe. Mu dai amsarmu irin ta karen nan ce da aka ce masa ana biki a gidansu, ya ce ya gani a ƙasa.

Na san abin da mutane da yawa za su fara cewa: kare najasa ne, magana ta ƙare. Ni ba malami ba ne, amma na zauna zaure, kuma duk wanda ya karanta Iziyya ya haddace cewa kowane mai rai tsarkakakke ne, haka guminsa da yawunsa. Wannan ita ce mazhabar Imamu Malik da muka tashi a kanta. Hadisin wanke ƙwarya sau bakwai idan kare ya yi lallagi a ciki ingantacce ne, malaman Malikiyya sun ce bin umarni ne na ibada, su kuwa Shafi'awa da Hambalawa sun ɗauke shi hujjar najasa. Shari'a ta yarda da karen farauta da na kiwo da na gona, ta kuma yi gargaɗin raguwar lada ga mai ajiye shi haka kawai. Masu sharhin Risala ma sun kawo cewa mai littafin, Ibn Abi Zaid, ya ajiye kare don gadi lokacin da katangar gidansa ta faɗi, da aka tuna masa Malik ba ya son haka sai ya ce da Malik ya riski zamaninsu da zaki zai ajiye. Na kawo wannan ne don kada dokar da za ka yi ta rataya a kan abin da malamai suka yi saɓani a kai, a ƙaramar hukumar da ta haɗa Bahaushe da Ibo da Bayarabe da Kwara da Indiyawa da 'yan Sin na Bompai. Ka bar wa malamai fatawa. Kai naka shi ne tsafta da lafiya da zaman lafiyar masu ciniki, kuma waɗannan sun isa hujja.

Ra'ayina a fili: kare ya tsaya a bakin ƙofa. Duk inda ake dafa abinci ko ake cinsa a ƙarƙashin rufi ɗaya, daga gidan kofi na GRA har rumfar mai tuwo a Gwagwarwa, kada ya shiga. Ko karen As'habul Kahfi, wanda Alƙur'ani ya ambata tare da mutanen kirki, a bakin kogo ya miƙe ƙafafunsa na gaba. Wanda ke da fili a waje, ya ga yana da masu ciniki irin matashiyar nan, ya keɓe musu tebura can, kare na ɗaure da igiya, a ƙasa, da kwanonsa na kansa. Mai kantin taya ko na siminti kuwa, a bar masa zaɓi, amma ya rubuta a ƙofa da Hausa da Turanci kowa ya gani tun kafin ya shiga. Abin da yaron nan ya rasa ke nan: abin da zai nuna da yatsa.

Za a ce ai a Ingila mutane na shan shayi karnukansu na kwance ƙarƙashin tebur. Haka ne, can doka ta bar wa mai gidan abinci zaɓi, muddin kare bai kusanci inda ake haɗa abinci ba. Sai dai masu kawo wannan misali suna tsallake rabin labarin. Ingila ta rabu da ciwon haukan kare a dabbobinta tun 1922, kuma tun 2016 dole ne kowane kare a sa masa 'yar na'urar shaida a ƙarƙashin fata, wadda za ta nuna mai shi. A Amurka ma, da son karensu ya kai inda ya kai, ƙa'idar abinci ta hana shiga da dabba cikin gidan abinci in ba karen da ke taimakon mai lalura ba. Mu da ba mu san yawan karnukan da ke unguwa ɗaya ba, ba mu kai matsayin kwaikwayon ƙarƙashin teburin Landan ba.

A nan ne ma maganar ta fi damuna, ranka ya daɗe. Ɗan farin karen can mai katin allura, iyakarsa ya ɓata wa mutum rai. Wanda ke kisa ba a rungume yake zuwa ba. Ka fita bayan isha'i ka zaga tukubar masu tsire, da bayan rumfunan mahauta, da juji na bakin kasuwar Yankaba, ka ƙirga da idonka. Waɗannan sun daɗe da shiga wuraren cin abincin talaka, ba su nemi izinin kowa ba, suna cin karensu babu babbaka. Ba wanda ya taɓa ɗaga murya a kansu kamar yadda dattijon nan ya ɗaga, saboda mun saba.

Bara 'yar maƙwabcina, yarinya 'yar shekara tara, tana taya uwarta tallar awara kusa da wata tukuba, ta sunkuya ɗaukar murfin roba, kare ya cafke ta a dantse. Kafin uban ya iso samari sun bi karen sun kashe sun jefa a kududdufi, suna ganin gwaninta suka yi. Alhali da an kama shi an tsare kwana 10, in ya wuce kwanakin lafiya lau hankali ya kwanta. In ma an kashe, likitan dabbobi na iya gwada ƙwaƙwalwarsa. Shaida ta tafi ruwa. Wata tsohuwa ta kawo toka, wani ya ce a shafa man birki. Allah ya taimaka akwai ma'aikaciyar jinya a layin, ta sa aka wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu har minti 15, abin da ya kamata kowane mai shayi da kowane mai tsire ya sani. Uban ya wuni yawon neman allurar rigakafin haukan kare, sai a wuri na uku ya samu, kuma ba ɗaya ba ce: ranar farko, da ta 3, da ta 7, da ta 14, da ta 28. Sai da ya sayar da tunkiyar da yake kiwo don layya. Yarinyar tana nan lafiya, alhamdu lillahi, amma har yau in ta ji haushi sai ta ruƙunƙume wanda ke kusa.

Ciwon nan ba ya wasa. Ƙwayar cutar a yawun kare take, ta shiga ta rauni, ta bi jijiya a hankali har ƙwaƙwalwa. Takan yi wata biyu ko uku ba a ga komai ba, har a manta da cizon. Ranar da alamu suka bayyana, mutum ya fara firgita da ganin ruwa, to kusan ba a tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 59,000 ke mutuwa da shi duk shekara, kashi 95 cikin ɗari a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar kare, kuma kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Yara, saboda su ke tsokana, su ke gudu, su ne kuma tsayinsu ya yi daidai da bakinsa.

Kada wani ya ba ka shawarar a zuba guba a nama a watsa. An gwada a wurare da yawa bai yi ba: ka kashe na wannan juji, na unguwar gaba su gaje shi, ga kaji da awaki da shaho su ci su mutu. Kuma mu da aka karantar da mu cewa Allah ya gafarta wa wani bawa don ya shayar da kare mai ƙishi, bai kamace mu ba. Abin da masana suka tabbatar shi ne idan aka yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan wuri allura, cutar takan rasa hanyar yaɗuwa. Allurar ba daga wata duniya za a kawo ta ba. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom da ke kusa da Jos, wadda ta kafu tun 1924, tana yin ta. Yawancin karnukan da muke kira marasa gata ma suna da masu su: na mafarauta ne, na masu gadi, na samarin unguwa da ke sakinsu da dare su nemi abinci. Mai unguwa ya san su ɗaya bayan ɗaya. Sarkin mafarauta ya fi shi sani. Karen bana shi ke maganin zomon bana. A kira su a zauna da su, a yi rajista, a rataya wa kowane kare alamar shekarar da aka yi masa allura. Su kuma masu tukuba da mahauta a ɗora musu rufe ƙashi da tumbi a mazubi mai murfi, don abin da ke tara karnukan ke nan.

Mahaifina, Allah ya ji ƙansa, duba-gari ne tun zamanin En'e. Yana shigowa layi mata ke rige-rigen wanke randa. Ba bulala yake riƙewa ba, ɗan littafi ne da fensir, amma kowa ya san abin da ya rubuta sai an bi. Jikokinsa a aiki suna nan a sashen lafiya na ƙaramar hukumarka da fararen kayansu. A ba su doka rubutacciya da man babur, a ga aiki.

Togaciya ɗaya nake roƙo a sa tun yanzu, ko da za a yi mini dariya: karen jagoran makaho. Na sani, a nan makaho ɗan jagora yake da shi ko sanda. Amma yaron da ke riƙe sandar nan makaranta ya kamata yana, kuma 'ya'yanmu masu lalurar gani suna fita karatu waje, wata rana ɗayansu zai dawo da horarren kare. Dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba su haƙƙin shiga wuraren jama'a. A birnin Lesta na Ingila, a 2008, malamai sun ba wani matashi makaho fatawar zuwa masallaci da karensa, aka gina wa karen wurin kwanciya a mashiga, shi kuma ya wuce sahu. In masallaci ya samo mafita, mai kanti ba zai rasa ba.

Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara ce ranar yaƙi da ciwon haukan kare ta duniya. In ka sa aka kafa rumfar allura a Yankaba da Dakata da Hotoro a wannan rana, aka yi shela a masallatan Juma'a da coci-coci mako guda kafin nan, ni zan fara zuwa. Ba ni da kare, amma akwai wani mafarauci a bayan layinmu mai guda shida. Na riga na yi masa magana, ya ce zai kawo su duka, da sharaɗin ba za a karɓi ko sisi ba, kuma ba za a riƙe masa ko ɗaya ba.

Allah ya ƙara wa Shugaba lafiya. Wassalam.

Naka,
Wani tsohon malamin makaranta, mazaunin Giginyu.